Yadda Keken Idirisa Ya Gajarce

Ku gyara zama, yau sai na amayar da abin da ke cikina game da Abdulmutallib ɗan maƙeran Jiratawa. Har gobe in na zo zura zare a allura idona na hagu ya kawo ruwa, shi nake tunawa, kuma ba da alheri ba. Ni tela ne. Zamanin mulkin Diori shagona yana kallon rumfarsa a Sabon Gari, nan Maradi. Abin da na gani zan faɗa, wanda ban gani ba kuwa na ji shi daga bakin waɗanda aka yi a gabansu.

Mutallabi muke ce masa, shi kuma ba ya waiwayowa sai an faɗi sunan duka an ƙara da injiniya. Sana'arsa faci ce: tayar keke, hannun buta, gindin fitila. Amma in ka yi kuskuren zama a bencinsa, za ka ji yadda jirgin sama ya taɓa ƙin tashi a Damagaram aka aiko masa mota takanas. Ka tambaye shi me ya sami jirgin, sai ya ce sirrin aiki ne.

Abin da ke ci masa rai shi ne Maman Lawali, mai walda na bakin tasha. Maman Lawali yana da kwalaben gas biyu, dogaye, kuma duk gadon ƙarfe da keken da ya karye a unguwa ta gaban rumfar Mutallabi ake wucewa da shi a kai can. Wata safiya aka wuce da gado na uku, sai ya jefar da tayar da ke hannunsa ya miƙe.

"Gas!" ya ce. "Wai mi ne ne gas? Iska ce fa a cikin kwalba! Mutum da hankalinshi ya sayi iska, alhali Allah ya ba mu ita kyauta? Ni injin da za ni sawo ba ya cin iska, kuran shike sha, wutar lantarki. Wata ɗaya na ba Maman Lawali, in bai koma saida rake ba ku canza mani suna."

Na ce, "Ka taɓa yin walda da kuran?"

"Kai tela, ka taɓa ganin an koya ma ɗan maƙeri ƙarfe? Yi ɗinkinka."

Matarsa Tsahara ta leƙo ta zaure ta ce randar gidan ma tun bara yake cewa zai ɗaure mata. Bai ko kalle ta ba. Kafin mako ya zagayo ya sayar da tunkiyarsa da rediyonsa, ya ɗaura babbar riga, ya nufi kantin Alhaji Ilyasu, attajirin da ke sauko da kayan ƙarfe daga Kano.

Alhaji Ilyasu mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifin da bai yi ba. Ya fito masa da wani ɗan inji da bai fi akwatin rediyo ba, ya ce, "Ga daidai kai. Keke, gado, ƙofar langa-langa, duk yana yi, kuma kuɗinsa da sauƙi."

Mutallabi ya zaro guduma daga aljihu. A Jiratawa, in za a zaɓi uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ƙira a kansa, abu biyu ake dubawa: nauyi da murya. Ya ɗaga ɗan injin da hannu ɗaya ya yatsine fuska. Ya ƙwanƙwasa shi, ya ce ƙwas.

"Alhaji, wanga ba ya da murya."

"Ba waƙa zai yi maka ba, walda zai yi."

Aka kawo na biyu, ya ɗan fi girma. Shi ma ya sha guduma, aka ce muryarsa ta mata ce. Ana cikin haka idon Mutallabi ya faɗa kan wani tudu a ƙarshen tsakar gida, an rufe shi da tamfol, kaji suna ƙwai a kai. Ya yaye. Wani jibgegen inji ne mai ƙafafun ƙarfe, duk ya yi tsatsa, wanda wasu masu aikin hanya suka bari. Ya ɗaga guduma ya sauke masa. Ƙarar da ta tashi sai da kajin suka haura katanga.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ga namiji."

Alhaji ya ce, "Kai, rufa mani asiri. Wannan na liƙa ƙarfen gada ne da gindin kamyo, manyan motocin kayan nan. Shekara uku ina neman wanda zai raba ni da shi, shi ya sa ya fi duka araha."

"Ya fi nauyi, ya fi murya, kuma ya fi araha? Alhaji, da ka ɓoye mani shi ke nan! Wanda ya liƙa gada, keke za ya gagare shi?"

Alhaji ya yi magana har ya gaji. Daga ƙarshe ya miƙa masa garkuwar fuska mai baƙin gilashi, ya ce ko me za a yi kada ya kunna sai ya rufe ido da ita. Mutallabi ya ja da baya kamar an miƙo masa mushe. Ya ce kakansa da hannu yake ɗauko jan ƙarfe ranar wasan maƙera ya shafa a ƙirji, shi ne zai ɓoye ma wuta fuska a gaban mutane? Ya dai karɓa don kunyar Alhaji. Da ya isa gida ya ba Tsahara, ta mayar da ita abin ɗibar dusa.

To sabuwar uwar maƙera ba a fara aiki da ita sai dattawa sun sa mata albarka. Don haka aka ɗora injin a amalanke, majiya ƙarfi shida suka yi aikin, aka nufi Jiratawa. Mai amalanken ya gaya mini jakinsa sau huɗu yana zama a hanya yana kallonsa da idon tuhuma.

Maƙeran Jiratawa suka kewaye abin. Baba Jibo, ƙanen uban Mutallabi, tsoho mai ɗan guntun gemu, ya zagaya shi sau biyu yana dogara sanda.

"Ina zuga-zugin?"

"Ba ya da shi, Baba."

"Ina ake zuba gawayi?"

"Ba ya ci."

"To mi shike ci?"

"Kuran."

"Allah sarki," in ji tsohon. "Ba ci ba sha, ga shi kuwa ya yi ƙiba."

Aka dama gumba cikin ƙwarya kamar yadda aka saba. Da uwar maƙera ce a kai za a kwarara, amma Baba Jibo ya hango wasu ramuka jere a gefen injin, inda iska ke shiga, ya ce ga bakinsa nan. Ya ɗura masa ƙwarya guda har da suɗi. Sannan dattawa suka ce to a kunna su gani. Mutallabi ya ɗauki kan waya ya tsaya yana waige-waige. Jiratawa kaf ba gida ɗaya mai kuran, sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya yi gyaran murya ya ce irin wannan inji ba ya aiki ranar da ya ci abinci. Dattawa suka jinjina kai, suka ce su ma haka suke.

Ranar Juma'a da hantsi Idirisa ya iso. Idirisa ƙanen Tsahara ne, manomi daga Tsibiri, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga shagona, ga shi da sanyin hali. Geronsa bai yi ba a shekarar, rumbu ya kusa ƙasa, ga 'ya'ya huɗu. Allah ya taimake shi Mushe Rabi'u (mushe haka muke kiran 'yan boko da Faransanci), komi wato akawu a wani biro, ofishin gwamnati, kuma maƙwabcin Mutallabi, ya yi masa alkawarin aikin planto, mai kai takardu gida-gida. Sharaɗi ɗaya ne: ranar Asabar da safe ya bayyana a biro da kekensa, Mushe ya duba ya ga lafiyayye ne. Ba keke, ba aiki.

Keken kuwa yana nan, baƙi, tsoho amma tsaf. Abin da ke damun Idirisa wata 'yar tsaga ce a ƙarfen sama, kusa da ƙaho, wato mariƙin keken, ba ta kai tsawon farce ba. Ya fara biyawa wurin Maman Lawali, ya tarar gas ya ƙare sai mota ta zo daga Kano mako mai zuwa. Maman Lawali ya ce masa ya naɗe wurin da waya, zai kai shi wata biyu lafiya lau. Kuskuren Idirisa ɗaya, da ya zo gaida yayarsa ya faɗi wannan magana a gaban mijinta.

"Waya?" Mutallabi ya dafe ƙirji. "Ƙanen matata, a naɗe mashi keke da waya kamar karyayyar akuya, ga inji a ƙofar gidana? Tsahara, kin ji cin mutuncin da aka yi mamu?"

Idirisa ya ce, "Yaya, ai wayar ma ta isa. Gobe ne fa kawai."

"Kawo keken."

"Yaya, abincin yarana ne."

"Shi ya sa ba ni barin shi hannun 'yan koyo. Ƙiftawar ido ce, ka ga wurin ya koma kamar ba a taɓa ba."

Idirisa ya kalli yayarsa, ta kalli sama. Kunyar mijin yayarsa ta sa ya saki ƙahon.

Saura kuran. A layinmu gidan Mushe Rabi'u ne kaɗai ke da shi. Mushe mutum ne mai son ci gaba, kullum maganarsa ke nan, ƙasa ta samu 'yanci dole a waye. Da Mutallabi ya ce masa Sabon Gari za ta shiga tarihi ta hanyar wayar gidansa, ba ma amincewa kawai ya yi ba, kujera ya sa aka fito masa da ita, ya ɗaura karabat a wuya ya zauna a sahun gaba.

Ana saukowa daga masallaci unguwa ta cika. Mai shayi ya bar tebur, mahauci ya taho da wuƙarsa a hannu, mata suka yi cincirindo a bakin zaure. Ni ma, Allah ya yafe mini, na bar rigar mutane a kan keken ɗinki na tsallako.

Mutallabi ya naɗe hannun riga, ya yi kirarin kakanninsa, ya soka waya. Fankar gidan Mushe ta tsaya cak, rediyo ya yi shiru a tsakiyar labarai. Injin ko tari bai yi ba.

Mushe ya ce ɗan dalmar da ke cikin akwatin kuran ne ya narke, wanda aka sa don ya tsare gida in abu ya yi yawa. Mutallabi ya je ya duba ya dawo yana dariya.

"Wanga siririn abu? Dole ya narke mana, yunwa gare shi." Ya zaro ƙusa mai kaurin yatsa, ƙirar hannunsa, ya cusa a gurbin. "Wagga ko jikokinka sun gaje ta, Mushe."

Wannan karon injin ya amsa. Ya yi wani gurnani da na ji shi a haƙorana, ƙasa tana rawa, karnuka suka bar unguwa. Can sai ƙamshi ya tashi, ƙamshin gumba tana toyuwa, har da ɗan hayaƙi ta ramukan gefe. Tsahara ta ƙwala daga cikin gida, "Wace marar hankali ce ta ɗora kunu ta tafi kallo?" Kajin unguwa suka taho a guje suka kewaye injin.

Ya maƙala sandar walda, ya ce kowa ya buɗe ido da kyau, ya dangwala ta a kan tsagar.

Jama'a, ban taɓa ganin haske irin wannan ba. Fari ne mai shuɗi-shuɗi, da rana tsaka amma sai da ya fi ranar. Mata suka yi salati. Da hayaƙi ya washe muka duba, tsaga kam babu ita. A wurinta akwai rami wanda ƙwan zabo zai wuce bai taɓa gefe ba.

Idirisa ya ce, "Inna lillahi."

"Kwantar da hankalinka," in ji Mutallabi yana ƙifce-ƙifce. "Buɗe ciwon na yi in ga zurfinshi. Wanzami ma haka shike yi. Ashe ɓarnar ta yi nisa a ciki, Allah ya so ka ka zo wurina."

Ya ɗauko zarto ya yanke wurin da ya ƙone. Da ya zo haɗa bakin biyu suka ƙi haɗuwa, don ƙarfen ƙasa ya fi na sama tsawo yanzu. Sai ya yanke na ƙasan ma, wai don adalci. Ya matso da su, ya sake dangwalawa. Rami biyu.

Daga nan Idirisa ya zauna a ƙasa, ya ja rawaninsa ya rufe fuska ruf, ya ce shi ba zai iya kallo ba, in an gama a gaya masa. Bai sake buɗewa ba har aka tashi.

A karo na uku sandar ta manne da keken ta ƙi fita. Mutallabi ya ja, keken ya biyo shi. Ya juya, keken ya juya. Suka yi zagaye biyu a fili kamar 'yan kokawa, taron yana darewa, har ƙafarsa ta harɗe da waya ya zauna daɓas cikin kwanon ruwan faci. Mahauci ya ce, "Injiniya, wa ya ka da wani?" Ya ce gwajin ƙarfi ne, kuma keken ya ci.

Ana haka Maman Lawali ya iso, labari ya kai masa. Bai ko shigo fili ba, ya juya mana baya yana ɗaga hannu.

"Jama'a, don Allah kada ku kalli hasken nan! Wallahi yana dafa ido! Mutallabi, ina garkuwarka? Kuma rage mashi ƙarfi mana, bututun keke ai kamar takarda ne!"

Mutallabi ya miƙe, wando yana ɗiga. "Kun ji ko? Kun ji hassada da rana tsaka? Ba ya so ku ga aiki, don kada ku gane iska yake saida maku shekara da shekaru!"

Mushe Rabi'u ya gyara karabat ya ce a ko'ina ci gaba yana da maƙiya. Ya jawo kujerarsa gaba. Mu kuma, da yake mu wawaye ne, muka ƙara matsowa muka ware ido don kada Maman Lawali ya cuce mu. Wannan wautar ita ce har yau ban yafe ma kaina ba.

Haka aka yi ta yi. A ƙona, a yanke, a matso. A ƙona, a yanke, a matso. Guntayen bututu suka taru a gefe kamar an yanka rake. Can wajen la'asar sakaliya, ko don ƙarfen ya gaji da gardama, wani dunƙule mai kama da kashin raƙumi ya tsaya a mahaɗin, sama da ƙasa, bai huje ba. Mutallabi ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai muka ji fau daga gidan Mushe. Injin ya yi shiru. Hayaƙi baƙi ya fito ta taga, matar Mushe ta fito da rediyo a tire yana turnuƙa. Waya ta ƙone tun daga ɗaki har bakin titi. Ƙusar kuwa, a faɗi gaskiya, ko gezau ba ta yi ba.

Idirisa ya yaye rawani. Ya daɗe yana kallon abin da ke gabansa. Taya biyu suna nan, sun kusa sumbatar juna. Sirdi da ƙaho kuwa tazararsu ba ta fi ɗani ɗaya ba.

"Yaya, ina sauran?"

"Ga shi can a gefe, in kana so ka tafi da shi. Nauyin banza ne na rage maka. Haka na ƙasar Faransa suke yanzu."

Maman Lawali ya kama ƙahon ya murɗa dama, ya tafi. Ya murɗa hagu, ya ƙi, narkakken ƙarfe ya toshe wajen.

"Ba ya juyawa hagu."

"Mi za ya yi a hagu?" in ji Mutallabi. "Ɗan Musulmi ne."

Ba wanda ya yi dariya, don mun ga hawaye a fuskar Idirisa. Ya ɗauki kekensa a hammata ya shige gidan yayarsa. A gaskiya tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Wayewar garin Asabar na farka na ji kamar an zuba mini yashi da barkono a ido. Na yi ƙoƙarin buɗewa, ina! Na lalubo ƙofa na fito, sai na ji layinmu kaf ana kuka ba mutuwa. Mai shayi yana zuba shayi a gefen kofi, mahauci yana tambaya wa ya ga wuƙarsa alhali tana hannunsa, liman ya yi sallama da turken doki. Wasu sun ɗaura tsumma mai ruwa, wasu sun ɗiga nono, wata tsohuwa tana bi gida-gida da tozali. Ni na zauna in ƙarasa rigar jiya da lalube, na ɗinke wuyan ruf.

Mutallabi ya fi kowa, idanunsa sun kumbura kamar gwaiba. Amma bakin yana nan. Ya ce Apolo ce ta shigo gari, ciwon idon nan da ake yayi, kuma tun jiya ya ji alamarta a iska.

Mahauci ya ce, "Apolon da ta tsallake Maman Lawali da Idirisa?"

"Ciwo yana zaɓen masu jini mai kyau," in ji shi.

Idirisa dai bai da zaɓi. Ya wanke keken, ya goge shi da mai, ya tura shi har biro. Ya tarar an jawo Mushe Rabi'u da hannu an zaunar, ya sa baƙin tabarau a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ba ya so manyansa su gane ba ya gani.

"Planto, kawo keken in duba," in ji Mushe, yana fuskantar kabad.

Idirisa ya matsar da shi. Mushe ya miƙa hannu ya laluba. Taya, da iska. Wata tayar, da iska. Ya sami ƙararrawa ya kaɗa, ta amsa. Sai ya tsaya.

"Ya aka yi na riƙe sirdi da ƙaho da hannu ɗaya?"

Idirisa bai taɓa ƙarya ba a rayuwarsa, amma ya tuna rumbunsa. Sai ya ce, "Hannun Mushe ne Allah ya yi ma albarka."

Mushe ya ji daɗin wannan. Ya ɗauki hatimi ya buga a kan tebur, ya sake bugawa a kan hularsa da ke ajiye, a na uku Idirisa ya tura takardar ƙarƙashi ya samu. An ɗauke shi aiki.

"Aikinka na farko," in ji Mushe cikin haushi. "Ga sammaci. Ka kai ma wannan ɗan banzan injiniya. Ya zo ya yi bayanin wayata da rediyona da fankata da idona. Tunda ba ya gani, ɗauko shi za ka yi a bayan kekenka. In azahar ta yi ba ku iso ba, kada ka dawo, akwai masu son aikin."

Daga biro zuwa Sabon Gari lanƙwasa ɗaya ce a hanya, kuma ta hagu ce. Idirisa ya hau, gwiwoyinsa suna gaisawa da kunnuwansa, ya yi dama, ya sake yin dama, ya sake yin dama. Sai da ya zagaye kasuwa sau biyu kafin hanya ta yarda ta kawo shi. Masu idon gani na sauran unguwanni suka biyo shi a baya, wasu suna tambaya ko wasan bikin 'yanci ne aka fara da wuri. Kowane rami ya faɗa sai mahaɗin ya yi ƙara, shi kuma ya yi salati.

Ya tarar da mu a rumfar Mutallabi, mun taru da tsummokaranmu muna neman ba'asi. Idona ɗaya ya ɗan buɗe a lokacin, don haka wannan na gan shi. Tsahara ta fara tambaya, "An ɗauke ka?" Ya ce an ɗauke shi. Ta rangaɗa guɗa.

Mutallabi ya yi tsalle ya haye benci, yana fuskantar bango. "Kun ji? Gwamnati da kanta ta duba aikina ta buga hatimi! Ina Maman Lawali? Wanga liƙi da na yi, ko bijimin sa aka ɗora ma keken nan ya kai shi Tsibiri ya dawo. Mutum uku, huɗu, duk ɗaya ne gare shi!"

"Madalla, Yaya," in ji Idirisa. "Ga sammaci. Mushe ya ce in ɗauko ka a kai yanzu. Hau mu tafi."

Mutallabi ya sauko daga benci a hankali. Ya miƙa hannu ya lalubo keken, ya bi ƙarfen da yatsa har ya iso kan dunƙulen. Ya ɗan danna. Wani ɓawo ya ɓalle ya faɗi ƙasa, duk muka ji.

"Bari in yi alwala tukuna."

"Ka yi a can."

"Tafiyar ƙasa ta fi ma jini kyau. Likita ya gaya mani."

"Mushe ya ce a keke. Azahar ta kusa, Yaya."

"To ai rigata ba ta keke ba ce. Tela, ba ka gama mani waccan ba?"

Na ce na gama, har wuyan na ɗinke.

Tsahara ta fito da muciya a hannu. Ta ce aikin ƙanenta ba zai tashi a kan rigar kowa ba. Mahauci ya kama hannu ɗaya, Maman Lawali da ke tsaye nan tun ɗazu ya kama ɗaya, suka ɗaga injiniya sama suka nufi mazaunin baya da shi. Ɗuwawunsa na taɓa ƙarfen, keken ya yi wata 'yar ƙara, ƙiƙ. Sai mutumin nan ya ƙanƙame wuyan mahauci ya kurma ihun da aka ji har tasha.

"Ku sauke ni! Don girman Allah ku sauke ni! Ba ya riƙewa! Ni na liƙa shi, ido rufe na yi, ban ga komi ba tun dangwalawar farko! Kashe ni za ku yi? Ina da iyali!"

Mai shayi ya fashe da dariya, sai unguwa ta ɗauka. Muna dariya idanu suna zafi, hawaye na zuba, ba mai iya dainawa. Maman Lawali ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Idirisa kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira muka lafa, sannan ya ce a hankali, "Ni ma ina da su, Yaya. Huɗu. Kuma tun safe a kanshi nike."

Mahauci ya sauke Mutallabi ƙasa.

Idirisa ya saɓa keken a kafaɗa, ya kama hannun mijin yayarsa ya ɗora a kan tayar baya ya ce ya riƙe da kyau. Haka suka ratsa Sabon Gari, dogo a gaba da guntun keke a wuya, injiniya a baya yana tuntuɓe yana tambayar ko an kusa. Sun isa ana kiran azahar. Mushe ya tambaya ko a keke aka kawo shi, Idirisa ya ce tun daga gida hannunsa bai bar jikin keken ba.